Babban Gwani da Gadon da Ba Ya Tsayuwa Sai da Yaɓe

A shekarar 1824, lokacin da Hugh Clapperton, matafiyi ɗan Birtaniya, yake baƙunci a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tarar ana gina wani masallaci bisa ɗawainiyar Waziri Giɗaɗo. Ya yi hira da shugaban maginan, kuma ɗan abin da ya rubuta a kansa ya fi shafuka da yawa na littafin amfani ga mai neman tarihin sana'a. Mutumin Zazzau ne. Mahaifinsa ya taɓa zuwa Masar, ya koyo wani abu daga ginin can, da ya rasu ya bar wa ɗan takardunsa. Abin da maginin ya fi kwaɗayi a kayan Baturen kuwa shi ne ma'aunin zane. Clapperton bai rubuta sunansa ba. Shekara goma da 'yan kai bayan haka, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a ƙofar fada, ginin da masana suka daɗe suna ɗauka shi ne ƙololuwar ginin ƙasa a ƙasar Hausa. Wanda ya gina shi ana kiransa Babban Gwani. Wasu ruwayoyi sun ce sunansa Muhammadu Durugu, wasu littattafai kuma sun rubuta Malam Mika'ilu. Akwai masanan da ke ganin shi ne mutumin da Clapperton ya gani. Ko shi ne ko wani ɗan gidansu, shaidar ta tabbatar da cewa tun kafin a aza tubalin masallacin Zariya akwai gidan magina a Zazzau da ke gadon ilmi daga uba zuwa ɗa, har da takarda, kuma sunansu ya kai a kira su babban birnin daula.

A ganina, kuskuren da aka fi yi wa wannan mutum shi ne a ajiye shi a sahun masu tada bango kawai. Masassaƙi ne wanda kayan aikinsa ƙasa ce, kuma ƙasar ce ta yanke hukunci a kan siffar aikinsa, ita ta sa labarinsa ya cakuɗe da almara, ita kuma ta tsara irin gadon da zai iya bari. Duk wanda bai fara daga ƙasar ba, zai yabe shi a kan abin da bai dace ba, ya kuma yi ƙoƙarin adana shi ta hanyar da za ta kashe shi.

Sai an san wahalar da ke cikin rufin soro kafin a gane girman abin da ya yi. Maginin Hausa yana tada bango da tubali, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi tsini sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka tattaka da ciyawa aka bar ta ta ruɓa. Bango ba shi ne matsala ba, rufi ne. Itacen da gara ba ta cika ci ba shi ne azara, wadda ake tsagawa daga giginya, amma azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar rufi idan faɗin ɗaki ya wuce kamar mita biyu. Dabarar da magina suka samo ita ce a binne gindin azara a cikin bango ta leƙo waje kaɗan, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, a yi ta haka hawa-hawa daga bangarori biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe su da ƙasa a fitar da lanƙwasa mai santsi. Shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tudu, an sami ɗaurin guga. A ido yana kama da bakan dutse na Masar ko na Turai, amma a ciki aikinsa daban ne: can duwatsu ne ke danne juna, nan kuwa itace ne ke riƙe da kansa a ɗaure, ƙasa tana ba shi nauyi da jiki. Ke nan lanƙwasar da mai salla yake gani, hannu ne ya shafa ta, ido ne ya auna ta. Magini biyu za su iya ɗaura azara iri ɗaya, ɗaya ya fitar da baka mai kumburi kamar zai faɗo, ɗayan ya fitar da wanda ke tashi daga ƙasa kamar ba ya ɗauke da komai. A masallacin Zariya bakunan suna tasowa daga manyan ginshiƙai, suna rarrabuwa suna haɗuwa a ƙarƙashin rufin, ginshiƙan kuma an yi musu zane mai zurfi tun ƙasar tana ɗanya, layuka da kusurwoyi masu kauri waɗanda ɗan hasken da ke shigowa yake kwanciya a kansu. A waje ana kare bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, rufi kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, a sa indararo ya kai ruwa nesa da gindin bango. Wato ginin ya dogara ga mai rini da mai saran giginya, ba ga magini kaɗai ba.

Mai ja zai ce kalmar masassaƙi ta yi yawa, domin masassaƙi shi ne mai fitar da sura daga itace ko dutse. Mutanen Adamawa sun san irin wannan sassaƙa fiye da mutanen Zariya. A duwatsun da ke kudu da Yola, Vere sun shahara da zubin tagulla, kuma a Mapeo, ƙasar Chamba, an yi wani masassaƙi mai suna Soompa tsakanin shekarun 1920 da 1940, wanda Richard Fardon da Christine Stelzig suka nuna a littafinsu na 2005 cewa shi ya kawar da sassaƙar yankin daga surori miƙaƙƙu kamar sanda zuwa masu cikar jiki. In ana neman masassaƙi, in ji mai ja, ga shi nan, a bar magini da sunansa. Amsar wannan tana wurin mutumin da Turawa da kansu suke ɗauka a matsayin uban sassaƙar zamanin Barok, Gian Lorenzo Bernini, wanda aka haifa a Naples a 1598 ya rasu a Rum a 1680. Manyan ayyukansa biyu a majami'ar Saint Peter ba surar mutum ba ce jigonsu. Ɗaya rumfar tagulla ce mai murɗaɗɗun ginshiƙai huɗu, tsayinta ya kusa mita 29, wadda ya yi wa Fafaroma Urban na Takwas. Ɗayan kuma jerin ginshiƙai 284 ne da suka rungume filin gaban majami'ar, waɗanda aka gina daga 1656 zuwa 1667. Jigon salonsa na Barok shi ne ya rushe katangar da ke tsakanin gini da sassaƙa, ya mai da ɗaki gaba ɗaya abin sassaƙawa, ya yi aiki da haske da inuwa da motsin lanƙwasa domin ya girgiza zuciyar wanda ya shigo. Wanda ya yarda wannan sassaƙa ce, ba shi da hujjar hana Babban Gwani sunan. Bambancin shi ne mai salla a Zariya ya kasance yana shiga cikin abin da aka sassaƙa ne, ya tsaya a sahu a cikinsa.

Kamancin bai tsaya ga salo ba. Dukansu biyu sun yi wa hukumar addini aiki ne a lokacin da take tsakiyar gyaran kanta, kuma tambayar da aka ɗora musu ɗaya ce: ta yaya addinin da ya ce ya dawo kan tsarki zai nuna ƙarfinsa a gini? Cocin Katolika, bayan taron Trent da aka kammala a 1563, ta tsaya kan cewa sura da hoto suna da amfani wajen karantar da jama'a da motsa su, don haka aka sakar wa Bernini mara, ya zuba zinariya da marmara masu launi. Shugabannin jihadin 1804 sun fito ne daga wata mahanga. Sun soki sarakunan Haɓe da son duniya da ƙawa, surar mai rai ba ta da wuri a masallaci, kuma a fiƙihun Malikiyya da suke karantarwa ƙawata bangon alƙibla makaruhi ne, saboda yana ɗauke hankalin mai salla. Amma daular da ta ci Zazzau a 1808 ta kori Sarki Makau tana bukatar ta nuna ta zauna da gindinta, kuma Bello da kansa, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Umarun Dallaje na Katsina, ya ɗora wa sarki kula da masu sana'a da raya garuruwa da kasuwanni da hanyoyi. Babban Gwani ya sami hanya a tsakanin waɗannan matsi biyu. Ya cire ƙawa daga launi da kayan alatu ya mai da ita cikin ƙashin ginin, ta yadda abin da ke riƙe rufi shi ne abin kallo, kuma babu malamin da zai ce a cire baka don ya yi kyau da yawa. Wannan, a ganina, ya fi abin da Bernini ya yi wuya, domin wanda aka ƙuntata wa ya fi bukatar dabara. Kuma kada a ɗauka an kawo Bature ne don ya sa wa namu hannu. An kawo shi ne domin matsalarsu ɗaya, kayan aikinsu daban, sai a ga abin da kayan aikin ke haifarwa.

Cewa soro ya zama harshen mulki a daular, Yola shaida ce. Modibbo Adama ya kafa ta a 1841, bayan zamansa a Gurin da Ribaɗu, wato a daidai shekarun da masallacin Zariya yake sabo. Da matafiyi Heinrich Barth ya iso a watan Yuni na 1851, zamanin Lamiɗo Lawal, ya ga gari mai faɗi na ɗakunan ciyawa masu tsini a cikin manyan filaye, har da gonaki a tsakanin gidaje, ya kuma lura cewa gidan Lamiɗo da na 'yan'uwansa ne kaɗai ginin ƙasa sosai. Fulɓen Fombina, wato Adamawa, ba su gaji rufin azara ba, kuma ruwan sama a kudancin ƙasar ya fi na Zazzau, amma duk da haka soro mai ginshiƙai ya shiga fadojin lamiɓe har Ngaundere. Mark DeLancey, masanin tarihin gine-gine, ya nuna a bincikensa cewa yaɗuwar soron alama ce ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato. Ba hannun Babban Gwani ne ya kai can ba, makarantar da ya zama ƙololuwarta ce.

Sai ja na biyu, wanda ya fi na farko nauyi: wai mutumin almara ne fiye da tarihi. Ana cewa da dare yake gini. Ana cewa bayan ya gama masallacin Birnin Gwari sai sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi, labarin da ake ba da irinsa a kan magina a ƙasashe da yawa. Ana jingina masa ayyuka a fadar Kano, ana kuma jingina masa Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda aka gina wajen 1860 kuma yake cikin gine-ginen tarihi na ƙasa tun 1956. Mutumin da ya riga ya zama shugaban magina a 1824, da wuya a ce shi ne da hannunsa yake ɗaura azara shekara 36 bayan haka, ballantana in an kashe shi a tsakani. Wannan gaskiya ne, amma ba ya rage masa komai. Bernini ma ba shi kaɗai ya yi aikinsa ba. Manyan surori huɗu na maɓuɓɓugar ruwansa ta koguna huɗu, da aka buɗe a 1651, yaransa ne suka sassaƙa su bisa tsarinsa, kuma Giuliano Finelli, wanda ya fitar da ganyaye da gashin surar Apollo da Daphne, ya bar shi ne saboda haushin rashin ambato. A Brazil, Aleijadinho, ɗan maginin Fotugal da baiwa 'yar Afirka, wanda ya sassaƙa surorin annabawa goma sha biyu a Congonhas daga 1800 zuwa 1805, ba a rubuta tarihinsa ba sai 1858, shekara 44 bayan rasuwarsa, kuma har yau ana gardamar wane aiki nasa ne. Abin da ya raba su da namu shi ne a dutse sawun kurfi yana nan, masani zai iya duba shi ya ce wannan hannun wane ne. A ƙasa kuwa kowane yaɓe yana rufe na baya, har ya zama fatar da ake gani ta jikokin jikoki ce, tsarin ne kawai na mai asali. Don haka dole sunan ya tashi daga na mutum ya zama na gida. A Zariya akwai unguwar Babban Gwani, kuma zuriyarsa ce aka sani da sarautar Sarkin Magina. A sana'ar da aikinta ke narkewa, wannan shi ne sa hannun da zai yiwu.

A nan ne gadon mutanen biyu ya rabu. Bayan mutuwar Bernini salonsa ya faɗi a idon masana, aka shafe fiye da ƙarni ana kiransa mai wuce gona da iri, sai a ƙarni na 20 aka dawo da martabarsa, musamman bayan littafin Rudolf Wittkower na 1955. Duk tsawon wannan raini marmararsa tana nan tana jira, ba ta bukaci kowa ya so ta ba. Ginin ƙasa ba ya iya jiran a sake son sa. Damina kaɗan ba tare da an duba indararo an toshe tsaga ba, ruwa ya sami hanya zuwa gindin azara. An yi ƙoƙari biyu na ceto aikin a ƙarnin da ya wuce. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon ɗakin salla, aka rasa fuskarsa ta waje da yawancin abin da ke kewaye da shi. A Jos kuma, Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland da ya auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya ya zana su, ya sa aka gina kwafin masallacin da cikakken girmansa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Littattafansa uku sun fito a 1990, bayan rasuwarsa, kuma tun a 1981 Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Michigan a kan yadda maginan Hausa suke auna kyau da gwaninta. Duka aikin kirki ne, ba don su ba da abin da za a sani kaɗan ne. Amma na Zariya ya riƙe jiki ya raba shi da yaɓen shekara, na Jos ya riƙe sura ya raba ta da jama'ar da za su ji dole su gyara ta. Babu ɗayansu da ya ba ɗan magini dalilin ya koyi ɗaurin baka maimakon jera bulo.

Ja mafi ƙarfi ba na malaman jami'a ba ne, na wanda ya rasa ɗan'uwa ne. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana sallar La'asar, wani ɓangare na masallacin Zariya ya rufta, aƙalla mutum 7 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin haka, ana shirin kawo injiniyoyi. Wanda ya ce masallaci wurin salla ne, ran Musulmi ɗaya ya fi kowane baka, kuma jama'a suna da haƙƙin rufin da ba za su riƙa ɗaga kai suna dubawa ba, ya faɗi gaskiya, babu mai hankalin da zai musa. Hukuncin abin da ya kayar da ginin na injiniyoyi ne. Sai dai daga wannan musiba ba za a ciro cewa ƙasa ce mai laifi ba. Ginin ya ɗauki jama'a kusan shekara 190, yayin da benayen siminti da rodi waɗanda ba su cika shekara goma ba suke ruftawa a biranen Nijeriya. Kuma masu adana ginin ƙasa a ko'ina sun san cewa shafa masa siminti yana kulle danshi a ciki, ya ɓoye lalacewa har sai ta yi nisa. Abin da ke sa irin wannan gini ya zama amintacce shi ne mutanen da aikinsu ne su hau shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka, waɗanda suka san bambancin tsagar fata da tsagar da ta kai ƙashi. In babu su, gara a rufe ginin a hana salla a ciki. Zaɓin da ba shi da kyau shi ne a bar jama'a a ƙarƙashinsa bayan an sallami masu wannan ido.

Cewa tsarin yana iya rayuwa a wannan zamani ba zato ba ne. Babban masallacin Djenne a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, yana tsaye ne domin duk shekara gari yana fitowa yaɓe a ƙarƙashin ƙungiyar maginansa. Mafi kusa da mu, a ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ya ƙara masa bakuna da rufi mai tudu a shekarun 1970, ya tada hasumiyoyi huɗu kowace da surarta, aikin ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Shi ne magajin Babban Gwani na haƙiƙa, ko da babu jini a tsakaninsu, domin bai kwafi kowa ba, ya ɗauki dabarar ya yi sabon abu da ita. Adamawa ma ta taɓa sanin wannan ɗabi'a a masallacin Gurin, wanda aka san shi da ginin kara da itace da jama'a ke taruwa su sabunta, kafin a maye gurbinsa da na siminti.

A Jimeta yau, mai ɗan hali yana gina bulo mai rami ya rufa kwano, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, sannan ya nemi kuɗin silin da fanka da man janareta don ya gyara abin da bango mai kauri zai yi masa kyauta. Ba wauta ba ce: fili ya yi tsada, bangon ƙasa yana cin wuri, giginya ta yi ƙaranci, ambaliyar Binuwai ba ta raga wa tubali a unguwannin kwari, kuma gidan ƙasa ya zama alamar rashi a idon surukai. Ba za a ce wa talaka ya ɗauki nauyin tarihi a kansa ba. Waɗanda za su iya su ne irin waɗanda suka ɗauki Babban Gwani aiki tun farko, wato fada da masu gina masallatai da hukuma. Zaure ɗaya na bakan gizo a sabon ginin gwamnati ko na jami'a, a kan tudu, bisa harsashin dutse, da kuɗin yaɓe a cikin kasafin kowace shekara, zai ciyar da magini da yaransa na tsawon lokacin da yaro ke bukata kafin a sakar masa baka shi kaɗai. Jami'ar Modibbo Adama tana koyar da zanen gine-gine, tsofaffin maginan da suka iya ɗaurin guga kuma ba su ƙare ba a Zariya da Kano da Katsina da Damagaram, sai dai yawancinsu sun manyanta, kuma 'ya'yansu birkiloli ne.